Ruwan da Ya Zo Mana ta Baya

A da, idan mutumin Gumel ya ce zai je bakin teku, sai ya yafi 'yan gida su ma su yafe shi, ya hau bayan motar shanu, ya yi ta kwana a hanya har ya manta yadda gado yake. Yanzu kuwa ka ci ɗumame a Kano, kafin rana ta faɗi kana leƙen teku ta tagar jirgin sama. Na ga zamanin farko, Allah kuma ya ja kwanana na ga na biyu. Tun da na dawo daga Doha, 'yan majalisarmu ta ƙofar masallaci ba su bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Wannan ya tambayi abinci, wancan ya tambayi zafin gari, wani ya matso ya ce wai da gaske ne na shiga jirgin ruwa? Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin ƙiba yake yi a bakin masu kai shi gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Sai na fara da gidanmu, in ba haka ba ba za a gane abin da ya kai ni ba. Mu a gidanmu ba a shiga kwalekwale. Kakanmu bafatake ne, ya je Gwanja sayen goro tare da ƙanensa, ya dawo shi kaɗai, kogi ya ci ƙanen a wajen ƙetare. Daga ranar ya hana 'ya'ya da jikoki hawa ruwa, hanin kuma ya zauna. Ni na yi rayuwata ina tuƙa babbar mota, daga kasuwar Maigatari zuwa Legas, daga baya Kwatano da Lome da Gana har Senegal, ta gabas kuma har cikin Sudan. A hanya na tsinci Yarbanci da Faransanci da Larabci da Turancin tasha. Inda babu gada sai babban jirgin nan da ke ɗaukar mota, nakan zauna a kujerata in riƙe sitiyari, in gaya wa kaina cewa gada ce mai tafiya. Amma ƙaramin jirgi, wanda mutum zai miƙa hannu ya taɓa ruwa, ban taɓa sa ƙafa a cikinsa ba.

Autanmu Nura ya tafi Katar aikin gadi. Yana aiko da hotonsa cikin kaki a ƙofar wani dogon bene, uwarsa tana nuna wa maƙwabta. Sai wata rana matar wani abokinsa ta nuna wa maiɗakina Hajiya Rabi wani hoton daban a waya: Nura ne tsaye a kan jirgin ruwa, ƙafa ba takalmi, igiya a hannu, ruwa gaba ruwa baya. Ashe ya daɗe da barin gadi.

Hajiya ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta jira har yaron ya nemo mini bizar ziyara, yana ta murna zai ga ubansa. Ranar tafiya, tana ɗaure mini kaya, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Alhaji, ba kallon benaye za ka ba. Ko ya koma gadinsa, ko ya biyo ka gida. Ban haifi ɗa don kifi ba."

Na ce, "In sha Allahu."

Ta ce, "Ba irin in sha Allahun direbobi ba. Ka ce ka ɗauka."

Na ce na ɗauka. Kuma har cikin zuciyata na ɗauka, don na san teku. Na san shi a Legas, inda igiyar ruwa ke dukan gaɓa da ƙara kamar tifa na sauke dutse. Na san shi a Keta ta ƙasar Gana, garin da ke zaune a kan siririn yashi, teku a gabansa, tafki a bayansa. A can wani tsoho ya taɓa nuna mini inda kantin ubansa yake, na bi yatsansa da ido sai na ga ruwa yake nunawa, can inda masunta ke jefa taru. A arewacin Senegal na ga unguwar masunta a kan wani harshen yashi da bai kai faɗin kasuwar Maigatari ba, gidajen gaba duk sun zube. A ganina teku maƙwabci ne mai cin iyaka, ba wurin da ɗan mutum zai nemi abinci ba.

Da jirginmu ya fara sauka na leƙa. Ƙasar Katar kamar hannu ce da aka miƙa cikin Tekun Fasha, ruwa ya kewaye ta sai wajen wuyan hannun. Ruwan da ke nesa shuɗi ne mai duhu, na kusa kore, na bakin gaɓa kuwa har ana hango ƙasansa, ga wasu fararen zaruruwan yashi kwance a gefen ƙasar kamar an shanya sawaye. Na kalle su na kau da kai, ban san da su za a yi labarina ba.

A wajen duba kaya aka tsayar da ni. Hajiya ta cika jaka da kuka da daddawa da yaji, ta naɗe kukar a baƙar leda ta ɗaure da tsumma kamar kayan asiri. Jami'in ya kwance, ya ga koren gari, ya dube ni, ya sake duban garin. Na yi masa Turanci, bai gamsu ba. Sai na tuna sunan da mutanen Sudan ke kiran bishiyar, na ce masa ganyen tabaldi ne. Wani dogo baƙi a gefensa ya ɗago da sauri.

"Tabaldi? Ya Hajj, a ina ka san tabaldi?"

Ashe mutumin yammacin Sudan ne. Muka shiga hirar hanyar Niyala da ramukanta, layi na tsaye a bayana. Ya yi wa kuka shaida. Da ya shinshina daddawa kuwa sai ya ja da baya, ya ce wannan kam ba zai iya yi mata shaida ba, amma in wuce, Allah ya ba masu ci haƙuri.

Nura na jirana a waje. Ya yi baƙi, kafaɗunsa sun buɗe, ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane kamar a zauren gida. Da na kama hannunsa na tashe shi, na ji tafin ya yi kanta irin ta masu noma. Na ji daɗi, na kuma tuna abin da na zo yi, daɗin ya ragu.

Ya sauke ni a wani ƙaramin masauki a Asmak, tsohuwar unguwa mai ƙananan gidaje da shaguna manne da juna, wadda ta fi kama da Sabon Gari fiye da hotunan da ake nuna mana. Washegari muka hau jirgin ƙasansu na ƙarƙashin ƙasa zuwa Mansura, inda 'yan uwanmu suke. Ni da al'adata, duk motar da na shiga sai na gaisa da direba, na ratsa har gaba ina shirin cewa sannu da aiki. Na tarar da gilashi da yara 'yan Indiya suna kallon hanya. Babu direba. Na dawo na zauna na ce wa Nura, gara da na yi ritaya kafin abin nan ya iso Maigatari.

A Mansura ɗaki ɗaya ne, gadaje wani kan wani, takalma jibge a ƙofa kamar masallacin Juma'a. Masu gadi ne da direbobi, wani na dawowa daga aiki wani na tashi. Mai dafa musu abinci Alhassan ne, ɗan zangon Kumasi, mutum mai ƙiba da dariya. Da ya buɗe jakar Hajiya ya rungume ledar kuka a ƙirji ya ce, "Baaba, kun kawo mana gida cikin jaka!" Ranar aka tuƙa tuwo, wanda ya kamata ya yi barci ma ya fasa. Na ci abincin 'yan ƙasar daga baya, shinkafa da kifi da busasshen lemun tsami, majbus suke ce mata, kuma ba laifi. Abin da ban gane ba shi ne shayinsu. Mai kauri ne da madara da kayan ƙamshi, amma mutum zai zo da mota ya tsaya ƙofar shago ya danna hon, a miƙo masa a kofin takarda, ya ja gilashi ya tafi. Na ce to ina amfanin shayin? Mu a wurinmu shayi dalili ne kawai, bencin ake zuwa.

A ɗakin na san Sabo, direban wata ƙaramar bas da ke kai ma'aikata wurin aiki. Ɗan Haɗeja ne, mai surutu, mai son girmama baƙo. Shi ya yanke cewa ranar Juma'a za a kai ni bakin ruwa a gasa mini nama, a kuma nuna mini inda Nura ke aiki, can arewa da Doha, wajen Alkhor da Zakira.

Ban bari Juma'ar ta zo ba sai da na sauke saƙo. Da safe muna zaune a bakin ruwan Doha, jiragen katako na lilo a gabanmu, na gaya wa Nura maganar uwarsa kamar yadda ta faɗa, har da kifin. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce a ƙofar tashar jiragen ruwa ta Alkhor aka sa shi gadi, kullum yana kama wa wani tsoho igiya, har tsohon ya nemi ya zama kafil ɗinsa, wato maigidan da zai yi aiki a ƙarƙashinsa. Shi ya koya masa iyo, ya koya masa tuƙi.

"Baba, a gadi tsayuwa nake yi daga safe zuwa yamma ina kallon ƙofa. A nan kullum sai na koyi abu. Amma duk abin da kuka ce shi zan yi. Abu ɗaya nake roƙo, ku ga aikin tukuna."

Na ce, "Gani ba zai sake komai ba."

Ya ce, "To, Baba."

Ranar Juma'a muka shiga bas ɗin Sabo tare da mutanen ɗakin, muka yi salla a Alkhor muka wuce Zakira. A nan na ga maigidan nasa, Abu Salim, tsoho siriri mai idanu kamar na shaho. Na gaishe shi da Larabcin Sudan, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce shi ya ɗauka Nijeriya aka ce. Ya zana mini wurin da sanda a kan yashi. Ga ƙasa. Ga dogon zirin yashi kwance a gabanta, kamar zaure a gaban gida: duk abin da teku ya zo da shi, iska ko igiyar ruwa, shi yake fara karɓa. Tsakaninsa da ƙasa akwai kwari mai faɗi, inda wasu itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu sun ɓullo sama kamar an kafa ƙusoshi. A can ƙarshen zirin akwai baki, inda teku ke shiga kwarin ya fita. Ya ce yashin nan tafiya yake yi, iskar arewa na tura shi kudu, inda ya bi da jirgi yana saurayi yanzu raƙumi ma zai iya bi. Na ce masa na ga irinsa a Keta da Senegal da Legas, sai dai nasu tekun mai faɗa ne, naku kuwa kamar tafki. Ya ce, "Mai shiru ma teku ne, ya Hajj." Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Nura yana da baƙi masu yawon buɗe ido da zai zaga da su a jirgi, don haka ya bar mu da Sabo. Kafin ya tafi ya ce:

"Yaya Sabo, a bar mota a kan titi. In za ku ƙetara zirin ku ƙetara da ƙafa, amma kafin la'asar ku dawo. Ruwa zai cika."

Sabo ya ce to. Nura na ba da baya ya ɗaga kai ya dubi sama, fes, ko ɗigon gajimare babu. Ya dubi kwarin, fili shimfiɗe, fari, busasshe, ya taka da dunduniya ya ji tauri.

"Jama'a, wannan ai fako ne. A kan irinsa muke sussuka a gida. Ni a bakin kogi aka haife ni, ruwa ba ya zuwa sai da hadari, ko a ce an yi ruwa a sama ya gangaro. Garin da ke shekara bai ga damina ba, ina zai samo ruwan? Za mu sa Baba ya yi ta taka rana da babbar riga? Yalla, maza ku hau!"

Kowa ya ga gaskiyarsa, don duk ɗan arewa haka ya san ruwa: sama ake duba masa. Ni na san teku na cika yana janyewa, na gani da idona. Amma tekun da na sani mai sanarwa ne, tun daga nesa kake jin rurinsa. Wannan kuwa yana can kwance gaban zirin, ko motsi ba ya yi. Kuma ƙafafuna ba na da ba ne. Na hau.

Sabo ya shiga filin da bas har tsakiya, inda ƙasa ta fara laushi ya tsaya. Muka ƙarasa da ƙafa, muka ratsa wani ɗan kwazazzabo busasshe, muka hau zirin. Alhassan ya hura gawayi, aka shimfiɗa tabarma muna fuskantar teku, don shi muka zo kallo, kuma Sabo ya ce in ma zai taso ai a gabanmu zai taso, mu gan shi. Aka ci nama da yajin Hajiya. Suka ce in ba su labarin tafiye-tafiye, ni kuwa ba a roƙona sau biyu a wannan. Na kai su Niyala, na kai su Kwatano, na zo kan Keta. Ina cikin bayyana musu yadda teku ke cin gari mutanensa na kallo, ina nuni da hannu, suna ta salati, sai Alhassan ya tashi zai ɗauko ruwan alwala. Muka ji ya ce:

"Baaba, wannan Keta da kuke faɗa, ga ta nan ta biyo mu."

Muka waiwaya. Kwazazzabon da muka ratsa ya zama kogi, yana gudu ba ƙara. Fakon Sabo ya koma madubi, ruwa na shimfiɗuwa a kansa a hankali kamar an ɓarar da tulu a tsakar gida, yana nufar bas. Teku bai taso ta gabanmu ba. Ya zaga ta bakin nan da Abu Salim ya zana mini da sanda, ya cika kwarin, ya yanke mu daga ƙasa. Duk tsawon labarina yana aikinsa a bayana.

Sabo ya dafe kai. "Innalillahi! Motar mutane! Khalas, shi ke nan, na koma Haɗeja!" Ya tattare wando zai faɗa, aka riƙe shi, don a cikinmu babu wanda ya iya iyo a ruwa mai ja irin wannan, shi ma na kogin garinsu ya sani. Aka kira Nura a waya.

Ba a jima ba muka hango ƙaramin jirginsa can cikin teku. Maimakon ya miƙo wurinmu sai ya yi kudu, kamar zai wuce. Mutane suka yi ta ihu suna kaɗa riguna. Ni ban yi ihu ba, don na gane abin da nake gani. Tsaye yake yana duban launin ruwa, yana kauce wa fari yana bin kore, kamar yadda nake karanta hanyar laka da damina. Ya shiga ta bakin, ya biyo kwazazzabon, ya zo ya tsaya a bayanmu.

Ya dubi bas, ya dubi ruwa, ya dubi zirin. Jirgin ba zai ɗauke mu duka ba, in ya yi nauyi zai zauna a yashi. Mutane suka buɗa mini hanya, suna cewa a fara da Baba, kamar yadda kowa ya sani ana yi. Sai na ji muryar ɗana, irin wadda ban taɓa ji ba.

"A'a. Masu ƙarfi su fara shiga, su je su tura mota. Ƙasan motar ne ke jiƙa, in aka jima ko katafila ba za ta fitar da ita ba. Baba, ku yi haƙuri, ku ne na ƙarshe."

Wani ya ce, "Kai Nura, mahaifinka ne fa!"

Ya zo ya kama hannuna ya hau da ni tudun zirin. Ya nuna mini wani layi na busasshiyar ciyawar ruwa da ƙananan katantanwa da ya bi tsawon yashin.

"Baba, nan ne iyakarsa idan wata ya cika. Yau wata bai cika ba, ba zai ma iso nan ba. Ku zauna sama da layin nan, kada ku sauka ko me kuka gani. Zan dawo."

Masuntan Keta sun taɓa gaya mini cewa wata ne ke jan ruwa, na ɗauka camfinsu ne. Yanzu ga ɗan cikina yana ce mini in ajiye raina a kan wannan magana. Na dubi idonsa. Babu tsoro a ciki, babu kuma rawar kai. Na juya na ce wa Sabo, "Ka rage iskar taya, ka sa giya ta biyu, kada ka taka da ƙarfi. In ta fara juyi a wuri ɗaya ka ɗaga ƙafa." Sannan na zauna.

Aka bar ni da Alhassan, wanda ya ce nauyinsa kaɗai ya isa lodi guda. Muka yi la'asar a kan tudu. Ruwa na hawowa ta gaba da ta baya, zirin na ƙanƙancewa. Ya ci wurin da muka gasa nama, gawayin ya yi cuu ya mutu. Alhassan ya daina dariya ya koma jan carbi. Ni kuwa na kafa wa layin ciyawar nan ido, ina tuna kakanmu da ƙanensa, ina tuna fuskar Hajiya. Can nesa muna hango mutane kamar tururuwa sun kewaye bas, Nura na gaba cikin ruwa yana nuna wa Sabo inda ƙasa ke da ƙarfi. Ta yi gaba, ta tsaya, ta yi gaba. Da ta hau titi muka jiyo kabbararsu ta biyo iska.

Ruwan ya matso har ya rage kamar taku guda tsakaninsa da layin. Ya lashi yashi, ya koma, ya sake lasa a wurin. Na sa katantanwa ɗaya a bakinsa don in gani. Rana ta yi ja, katantanwar tana nan. Ruwan ya tsaya inda yaron ya ce zai tsaya.

Na yi tafiya a duniya, an karrama ni a wurare, amma ban taɓa jin ƙirjina ya cika irin na lokacin ba. Na ce wa Alhassan, "Ka gani? Ɗana ne." Ya ce, "Baaba, ai ban yi musu ba."

Da jirgin ya dawo, Nura ya sauko ya riƙe shi da hannu ɗaya ya miƙo mini ɗayan. Ya san dokar gidanmu kamar yadda na san ta. Babu mota a ƙarƙashina, babu sitiyarin da zan riƙe in ce gada ce. Na yi bisimilla na tattare riga na shiga.

"Ku zauna a tsakiya, Baba, kada ku tashi."

Na zauna a tsakiya ban tashi ba. Ya bi da mu ta cikin itatuwan nan, ruwa ya rufe saiwoyinsu, ƙananan kifaye na watsewa a gabanmu kamar an watsa gero. Daga nan na ga wurin yadda yake: a waje igiyar ruwa na dukan zirin, a ciki kuwa lafiya lau, kamar tsakar gida a bayan katanga. Na miƙa hannu na taɓa ruwan. Ɗumi gare shi.

A gaɓa Abu Salim na tsaye. Ya riƙe hannuna ya ce yaran da ya koya wa tuƙi suna da yawa, amma masu ido kaɗan ne, kuma wanda zai iya ce wa ubansa ya jira saboda ya san ruwa, wannan matuƙi ne. Sabo kuwa ya zo ya durƙusa, laka har gemu, ya ce daga yau ko tabarma aka shimfiɗa masa a Katar sai ya tambayi Nura kafin ya taka.

Ranar da zan taho, a filin jirgi, Nura ya ce, "Baba, saƙon Hajiya fa? In haɗa kaya?"

Na ce, "Ka koma bakin aikinka. Ka bar ni da Hajiya."

Faɗa ya fi aikatawa sauƙi. Da na iso Gumel ta leƙa bayana kafin ta dubi fuskata. Bayan an watse ta ce, "Ina alkawari?"

Na ce, "Na karya shi, Hajiya, kuma da sanina. Na shiga jirginsa."

Ta zauna a bakin gado. Na ba ta labarin duka, har da barina da ya yi a kan yashi. A nan ta fusata, ta ce wane irin ɗa ne zai bar ubansa a tsakiyar ruwa ya tafi ceton mota. Na ce irin wanda ya san inda ruwan zai tsaya. Na ce mata kakanmu ya hana mu ruwa ne don ba mu san shi ba, kuma ya yi daidai. Yanzu Allah ya ba gidan wanda ya sani. Ta yi kwanaki tana ajiye mini tuwo ba magana.

Hajiya mai azumin tsakiyar wata ce, ba ta taɓa ɓatan lissafinsa. Wata ranar tana shan ruwa a tsakar gida bayan magariba, wata ya fito jawur ta bayan katanga, cikakke. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Yau ke nan ruwan nasu ya kai layin?"

Na ce, "Ya kai."

Ta ce, "To kira min shi, in ce masa ya kula."

Na kira, na ba ta wayar. Ba ta ce ya dawo ba, ba ta kuma sake faɗa ba har yau. Nura yana can kan jirginsa, uwarsa na duba masa wata daga Gumel. Dokar kakanmu ta ƙare a kaina: gidanmu yanzu ana shiga ruwa.